Tsiron Da Ke Cin Ƙuda

Daga Wakilinmu a Potiskum

Ran nan a unguwar Dogo Nini na ba abokan hira labarin wani tsiro mai cin ƙwari, sai suka yi ta dariya, wai na fara tatsuniya da rana tsaka. To, jama'a, ba tatsuniya ba ce. Masana suna kiransa Drosera, Turawa kuwa sun sa masa suna "raɓar rana", domin kullum ganyensa yana ƙyalli kamar raɓa ta kwana a kai.

Ashe wannan raɓa tarko ce. Kowane ganye yana da gashi jajaye, kan kowane gashi da ɗigon ruwa mai danƙo. Ƙuda ko sauro ya zo sha sai ya maƙale. Sannu a hankali gashin ya lanƙwaso kansa, ganyen ya fitar da wani ruwa ya narkar da naman, ya tsotse. Wani Bature na Ingila, Charles Darwin, ya yi shekaru yana nazarinsa, har ya buga littafi a 1875.

Me ya kai tsiro farauta? Yunwa. Yana fitowa ne a ƙasa mai dausayi wadda ba ta da naitirojin, watau sinadarin da manomi ke nema cikin takin zamani. Iri-irinsa sun fi 150 a duniya. Ɗaya daga ciki, Drosera indica, yana fitowa a Afirka ta Yamma da damina, ya zubar da iri, ya bushe da rani.

Ku 'yan'uwa da ke Agege da Sabon Ibadan kun fi mu damar shuka shi, tun da ruwan sama bai yanke muku kamar nan ba. A samu yashi wankakke a tukunya, a ɗora ta cikin faranti mai ruwa, a ajiye inda rana ke bugawa. Ruwan sama kaɗai za a ba shi, don gishirin ruwan rijiya yana ƙona saiwarsa. Kada a kuskura a sa masa taki, kashe shi zai yi.

Wanda ƙarancin amfanin gona ya kai shi kudu ci-rani ba zai yi wa wannan tsiro dariya ba. Ƙasarsa ta kasa ciyar da shi, ya nemo abinci ta wata hanya, amma saiwarsa tana nan inda take. Allah ya ba mu damina mai albarka.