"Beijos" a ƙarshen saƙo ba soyayya ba ce

Kwanan baya a teburin mai shayi a Birnin Kudu na tarar ana cacar baki. Wani saurayi ɗan Gwaram da ke karatu ta intanet ya nuna saƙon malamarsa 'yar Barazil, wadda ta rufe da kalmar "beijos". Manhajar fassara ta ce masa sumba ke nan. Nan take majalisa ta yanke hukunci wai matar sonsa take yi.

Wannan saurin hukunci shi ke damuna. Gaskiya ne a harshen Fotugal, wato harshen malamar, aikatau "beijar" na nufin sumbata, "beijo" kuma sumba, kuma asalinsu kalmar Latin ce, "basium". Akwai "oscular", wadda sai a littafi ake cin karo da ita. Akwai "beijocar", irin sumbatar da uwa ke yi wa jaririnta babu ƙaƙƙautawa. Amma kalma ba ta tsayawa inda ƙamus ya ajiye ta.

Mu duba namu. Wanda ya ci kasuwar Gwaram bai tauna rumfa ba. Wanda ya fita shan iska bai ɗauki moɗa ba. Mai ce maka "ina kwana" ba ɗakin da ka kwana yake bincike ba. To, haka "beijos" ko "beijinhos" suke a ƙarshen wasiƙa: tamkar "a gaida gida" ne. Idan aka ce "manda um beijo" ga mahaifiyarka, gaisuwa aka ba ka ka isar. Maza kuwa a tsakaninsu sun fi rufewa da "abraço", wato runguma.

Har girmamawa kalmar na ɗauka. Bayan fadar Fotugal ta koma birnin Riyo na Barazil a 1808, jama'a kan yi layi su sumbaci hannun mai mulki, al'adar da ake kira "beija-mão", kwatankwacin faɗuwarmu gaban sarki. Tsuntsun da ke shan ruwan fure ma sunansa "beija-flor", mai sumbatar fure.

Ba cewa nake mu ari gaisuwar sumbatar kumatu irin ta mutanen Barazil ba. Muna da tamu, kuma ta ishe mu. Abin da nake roƙo shi ne kada mu ɗora wa baiwar Allah zargi saboda kalma ɗaya da waya ta fassara. Matasa, kafin ku yanke hukunci, ku tambayi mai harshen.