Highgate: tashar da aka gyara wa jirgin da bai zo ba

A unguwar Highgate da ke arewacin Landan akwai tashoshin jirgi biyu a wuri guda, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasan tana aiki har gobe, dubban mutane na bi ta cikinta kullum don hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta saman kuwa tun 1954 rabon da fasinja ya hau jirgi a cikinta, kuma da yawa daga masu sauka ƙasa da sassafe ba su ma san tana bisa kansu ba.

An buɗe ta a 1867, kan layin dogon da kamfanin Great Northern ya gudanar daga Finsbury Park zuwa Edgware. Highgate tudu ce, don haka sai da aka yanke ƙasa aka yi kwari mai zurfi, aka dasa tashar a ciki, aka kuma fasa ramukan wucewar jirgi a gabanta da bayanta. A 1872 aka fitar da reshe zuwa High Barnet, a 1873 wani reshen ya nufi Alexandra Palace, katafaren gidan nishaɗin da aka gina a kan tsauni. Kwana 16 da buɗe gidan gobara ta cinye shi. An sake gina shi, amma reshen bai taɓa samun cinikin da aka yi masa zato ba. Duk da haka dogon ya ja jama'a: inda ake gonaki da makiyaya sai ga layukan gidaje, magidanta na hawa jirgin kwal da safe zuwa ofisoshin cikin gari, su dawo da almuru.

Da ƙarni na 20 ya kama, sai kishiyoyi suka bayyana. Jiragen titi masu lantarki da motocin bas suka fara kwashe fasinja, ga araha ga sauƙin hawa. Jirgin kwal kuma ga hayaƙi, ga zagaye.

Maganin da aka kawo a 1935 babba ne. Hukumar sufurin Landan ta tsara karɓar waɗannan layuka daga kamfanin da ke riƙe da su, ta saka musu lantarki, ta haɗe su da layin ƙarƙashin ƙasa na Northern. Highgate ce za ta zama mahaɗa: jirage a sama, jirage a ƙasa, matakala tsakaninsu. Ba a takarda abin ya tsaya ba, kuma nan ne labarin ya fi taɓa zuciya. An haƙa tashar ƙasa. An sake gina dandamalin sama da rumfar kankare irin ta zamanin. An shimfiɗa ƙarafunan da za su ɗauki wuta a wani sashe na hanyar. Aiki ya yi nisa sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939.

An dai samu an ƙarasa wani ɓangare. Jirgin lantarki ya isa East Finchley a 1939, ya kai High Barnet a 1940. Tashar ƙasa ta Highgate ta zama mafakar jama'a lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan, mutane na kwana a kan dandamali da bargunansu, tun kafin a buɗe ta ga fasinja a watan Janairun 1941. Sauran aikin aka ce a jira ƙarshen yaƙi.

Yaƙi ya ƙare, aljihun gwamnati babu nauyi. Ga gyaran ɓarnar da aka yi, ga wasu layukan da aka fifita. Sabuwar dokar da ta hana gine-gine a filayen da ke kewaye da Landan ta kashe batun miƙa layin gaba da Edgware, wanda shi ma yana cikin shirin, tunda gidajen da ake sa ran za su kawo fasinja ba za a gina su ba. Reshen Alexandra Palace aka bar shi da tsofaffin taragai da jirgi jefi-jefi. A ƙarshen 1951 har dakatar da shi aka yi na wasu makonni don tsimin kwal. Mai zuwa aiki ba ya dogara da jirgin da yau akwai gobe babu, sai ya koma bas, daga baya kuma aka kafa hujja da ƙarancin fasinja. A ganina an bar layin ya rame ne da gangan ko da sakaci, sannan aka ce ba shi da ƙarfin aiki. Ranar 3 ga Yulin 1954 jirgin fasinja na ƙarshe ya wuce. Rumfar kankaren nan ba ta taɓa yi wa fasinjan jirgin lantarki inuwa ba ko sau ɗaya.

Jiragen kaya sun ci gaba da bi na wasu shekaru, an kuma riƙa jan taragan ƙarƙashin ƙasa marasa kowa ta hanyar har 1970, kafin a ɗebe dogon.

Wanda ya leƙa kwarin a yau zai ga dandamalin yana nan, rumfar na tsaye, bishiyoyi sun tsiro daidai inda dogo yake a da. An toshe bakin ramukan da ƙofofin ƙarfe saboda jemagu sun tare a ciki, kuma dokar Birtaniya ta hana a dame su. Tsohuwar hanyar jirgin ta zama turbar yawo da ƙafa mai suna Parkland Walk, wadda aka buɗe a 1984. Mai binta daga Finsbury Park zai ratsa tsakanin dandamali biyu na tsohuwar tashar Crouch End, masu gudun motsa jiki da masu yawo da karnuka na wucewa ta gefensa. An taɓa yunƙurin shimfiɗa babban titin mota a kanta, mazauna yankin suka tashi tsaye har aka janye.

Sun tsira da turbar, amma jirgin bai dawo ba. Unguwar Muswell Hill, wadda a shirin 1935 aka yi wa alkawarin jirgin lantarki kai tsaye zuwa tsakiyar Landan, har yau ba ta da tashar jirgi. Mutanenta da na Crouch End bas mai lamba W7 suke hawa zuwa Finsbury Park, can su kama jirgi.