Tsohuwar Motarka Na Mutuwa A Hanya? Duba Nan Kafin Ka Sayi Sabon Batir

Ɗan'uwa manomi, ka san yadda abin yake. Ka loda kwandunan tumatir da tattasai daga fadama tun da asuba, kana son ka riski kasuwar Haɗeja, sai akori-kura ta mutu a tsakiyar hanya. Tumatir kuwa ba ya jira. Kafin a nemo bakanike rana ta take, kaya sun fara ruwa, farashi ya faɗi.

A ranin da ya wuce na ga irin haka wurin wani manomi a yankin Auyo. Sau biyu yana sayen batir, mota ba ta daina mutuwa ba. Ashe wayar da ke haɗa batir da jikin mota ce, wadda masu wayarin ke kira at, tsatsa ta cinye bakinta. Da aka kankare aka ɗaure, shi ke nan. Shi ya sa nake cewa: kafin ka sayi komai, lura da yadda motar ke mutuwa. Yanayin mutuwar ne zai nuna maka inda ciwon yake.

In ta mutu farat ɗaya, musamman bayan ta faɗa rami, har fitilun gaban direba suka ɗauke, to wuta ce ta yanke. Fara da kan batir. Girgiza shi da hannu, in ya motsa, ga ɓarawonka. In ka ga farin gari ko kore a kansa, cire wayar da ke da alamar (-) tukuna, sannan mai (+), ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ka goge, ka ɗaure tamau. Bi wayar at har inda ta kama ƙarfe, ka duba fiyus.

In kuwa fitila ce ke raguwa a hankali, ham ya yi sanyi, fitilar batir ta kama ja, daga baya mota ta mutu ta ƙi tashi, to altaneto ba ya caji. Duba fambel, ko ya saki ko ya tsattsage. Mai wayarin zai gwada maka da mita: lafiyayyen batir a kashe yana nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki kuma ya kamata ya kai tsakanin 13.8 da 14.5. In bai haura ba, laifin ba na batir ba ne, ko sabo ka sa zai shanye. Don Allah kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai don gwaji. Hakan na iya ƙona altaneto da sauran kayan wuta.

In tana tari, tana fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa kafin ta mutu, wannan matsalar mai ce ko iska. Ƙurar hunturu na toshe filtar iska, man jarka kuma kan zo da datti da ruwa. Canja filtar mai, ka kakkaɓe ta iska, sannan a duba kafireta da famfon mai.

In sai ta yi zafi take mutuwa, ta huce ta sake tashi kamar ba abin da ya faru, a fara zargin koyil. Amma leƙa ruwan lagireto ma, bayan inji ya huce.

Mu nan muna da wata matsala ta daban, wato ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗeja ya san yadda hanyoyi ke nutsewa, haka kuma 'yan Guri da Kirikasamma ke fama kusan duk damina. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka yi kik. Buɗe gidan filtar iska. In a jiƙe take, ruwa ya shiga inji, kuma murza makulli na iya lanƙwasa ƙarfen fistin, gyaran da zai cinye ribar kaka guda. A ja ta waje, a cire filogi, a fitar da ruwan, a canja baƙin mai. In filtar a bushe take, goge filogi da wayoyinsu da murfin distiributa, ka bar su su sha iska.

Motar da aka ajiye kusa da rumbu kuma, ɓeraye kan ci wayoyinta. Ɗaga bonet ka leƙa kafin lokacin ɗiban kaya.

A ƙarshe, ajiye sifana mai lamba 10, da fiyus biyu ko uku, da tsohon fambel mai sauran ƙarfi a mota. In ka je gareji, kar ka ce kawai "mota na mutuwa". Faɗa wa bakanike ko da zafi ne ko da sanyi, a rami ne ko a ruwa, fitila ta ɗauke ko ba ta ɗauke ba. Wannan bayanin zai rage maka sayen kayan da ba su lalace ba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.