Tsarkin Kayan Kunu da Haƙƙin Ramin Sokawe

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, inda Allah ya sa albarka a rake da tumatir da dawa, ya san da wuya a ratsa unguwa ba a tarar da gidan da ake dama kunun zaki, ko dafa zoɓo, ko tace kunun aya ba, ana ɗurawa a gorunan roba yara suna kaiwa tasha da kasuwa, balle in azumi ya kama. To, da yake zamani ya kawo ginin bulo, gidaje da yawa sun bar masai na gargajiya sun koma bayan gida na ruwa mai zuba a sokawe, sai wata mas'ala ta taso wadda kakanninmu ba su san ta ba, watau yadda uwargida za ta tsarkake kayan sana'arta ba tare da ta halaka ramin da gidan ya dogara da shi ba.

Asalin al'amarin kuwa shi ne waɗansu halittu ƙanana ainun waɗanda ido ba ya gani, da Ubangiji ya watsa cikin ruwa da ƙasa da abinci bisa wata hikima tasa. Daga cikinsu akwai masu amfani, domin su ne ke sa geron da aka jiƙa ya yi ɗan tsamin da ake so. Akwai kuma masu kawo zawo da taifot da kwalara, waɗanda ke laɓewa a wuyan gora da zaren murfi da saƙar rariya, musamman gorar da aka tsinto bayan wani ya kafa mata baki. Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna shekarar 2021, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ba banza ba littattafan fiƙihu irin su Ishmawi da Iziyya suka gabatar da hukuncin ruwa da ɗahara kafin salla.

Amma fa dangin waɗannan halittu su ne ma'aikatan sokawe. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, wanda ya yi wa wannan dabara rajista a 1881, ya lura cewa idan aka tara najasa a rufaffen rami, mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, akwai abin da ke narkar da ita a hankali har ruwa ya tsiyaye zuwa rami na biyu ƙasa ta shanye. Saboda haka matar da ta tuttula rabin kwalbar Hypo ko Izal a bayan gida da niyyar tsabta, ta kashe waɗansu daga cikin masu yi mata hidima dare da rana ba lada. Kuma alamar haka ita ce wari ya tashi, rami ya cika kafin lokacinsa, maigida ya shiga neman motar kwasa.

Mafita ita ce tertibi da awo. Da farko a kankare, domin magani ba ya ratsa ƙanzo. Dusar da ta rage a rariya, da ƙasari, da tuƙar zoɓo da citta, kada ko kaɗan su bi bututu. Awaki da kaji sun fi rami bukatarsu, saura kuwa a kai juji ya zama taki. Sa'an nan a wanke da sabulu da soso, a cusa ɗan buroshi ko tsumma a tsinke a murje kafaɗar gora daga ciki, inda farar dauɗa takan daskare, a ɗauraye sarai.

Bayan wanki sai kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nan babu abin da ya kai tafasasshen ruwa aminci, tun da yake idan ya huce ya koma ruwa kawai, ba ya cutar da rami. Shi ya dace da tukunyar dalma, wadda bilic ke ci, da ƙwarya da ludayi da muciya, waɗanda ke shan magani su riƙe. A ƙona su da ruwan zafi, a kife a rana bisa abin da ya ɗaga daga ƙasa. Gorar roba kuwa, da yake zafi yana lanƙwasa ta, ita ce mai bukatar bilic, irin su Hypo da Jik marasa turare: babban cokali ɗaya cikin lita huɗu na ruwan sanyi mai tsabta, a nutsar da gora da murfinta minti biyu ko fiye, a kife su tsane su bushe da kansu, kada a goge da tsumman da zai mai da abin da aka kora. Dettol da Izal ba na kayan abinci ba ne faufau. Haka nan haɗa bilic da ruwan tsamiya, ko lemon tsami, ko maganin wanke bayan gida irin Harpic, ganganci ne babba, domin yana tayar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu, balle a ɗakin da ba taga.

Ruwan maganin da aka gama da shi, baho guda ya ishi gorunan yini, kada a yi ta sabuntawa har a faɗa israfi. Idan an ƙare, a bar shi a buɗe a rana inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, ya kwana, ƙarfinsa ya ragu, sa'an nan a wanke daɓen tsakar gida da shi ko a watsa a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya da shuka. Ɗan abin da ya bi bututu jefi-jefi ba zai kashe rami ba. Abin tsoro shi ne mai yawa a lokaci guda, ko zubawa kullum ba hutu.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda shari'a ta tsananta a kansa. Ramin da ya lalace yakan tura ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa, musamman da damina sa'ad da ruwa ya taso, ta isa rijiyar da ake ɗiba a dama kunun gobe, ta gidan ko ta bayan katanga. Don haka masana ke son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rami da rijiya, rijiyar kuma ta kasance ta wajen tudu. Inda fili ya yi ƙunci, wajibi ne a tafasa ruwan da za a sirka kunu da zoɓo da shi, a kuma nemi shawarar duba-gari na ƙaramar hukuma, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta daɗe tana yayewa, tun kafin magini ya sa diga, domin gyaran rami bayan an rufe shi ya fi haƙa shi tsada.