Ƙudus a Allo, Ƙudus a Taswira

A makarantun allo da Islamiyyun Nima da Mamobi da ke Ankara, a Ghana, yaro ɗan shekara goma zai zubo maka ƙissar Annabi Ibrahim da Annabi Musa da Annabi Isa, Allah ya ƙara musu aminci, ba gargada. Amma shimfiɗa masa taswira ka ce ya nuna Ƙudus, sai ido ya raina fata. Laifin namu ne, manya, da ba mu nuna masa ba.

Wurin kuwa ɗan tsukuku ne. Tsohon birnin Ƙudus, cikin ganuwarsa, bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. A ciki Masallacin Aƙsa yake, ga bangon da Yahudawa ke addu'a a gabansa, ga cocin da Kiristoci suka yi imani nan aka binne Yesu. Makullin cocin nan ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun wasu gidajen Musulmi. Baitalami na kudu da birnin da kimanin kilomita 10, gaba kaɗan sai Al-Khalil, inda duka addinan uku ke girmama kabarin Annabi Ibrahim. Makka kuma tana can ƙasa, fiye da kilomita 1,200, amma ayarin Ƙuraishawa ya haɗa ta da Sham tun kafin zuwan Musulunci, kamar yadda fataken goro suka haɗa Kano da Salaga.

Mu ma muna da dangi a can. Dab da ɗaya daga cikin ƙofofin Aƙsa akwai unguwar 'yan Afirka, jikokin alhazan da suka taso daga Najeriya da Cadi da Sudan da Senegal, suka sauke farali a Makka, suka ziyarci Ƙudus, suka zauna.

Wanda ya san wannan cuɗanya ba zai yi mamakin abin da ya faru a Ankara a watan Afrilun 2019 ba, ranar da Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ran bikin Ista, yana shirin cika shekara 100. Wasu sun yi ta ƙorafi. A ganina dattijon ya fi su sanin tarihin maƙwabtaka.

Malamanmu na Zango, don Allah a rataya taswirar yankin nan kusa da allo, a nuna wa yara inda annabawan suka taka.