Daga Tafo Zuwa Bosomtwe: Yini Guda Da Jikoki A Kan Tsauni

Da kaka ta kama, muka kwashi jikokinmu daga Zangon Tafo zuwa tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi. Wani dutse ne da ya faɗo daga sama ya haƙa ramin tafkin, fiye da shekara miliyan guda ke nan.

Daga ƙauyen Abono muka kama hawan tsaunukan da suka kewaye ruwan, yara a gaba, mu muna haki a baya. Can sama suka hango masunta zaune bisa katako, bisa al'adar Ashanti.

"Kaka, ina kwale-kwalensu?" in ji ƙaramarsu.

Gwiwa kam ta fara gardama. Ko baɗi za mu iya hawa, Allah ne masani. Shi ya sa ba mu jira ba.