Zaman Baƙo A Ingila: Dare, Mashaya Da Bambancin Fata

In za a tura malami ko akawu Ingila ƙaro ilmi, a kan gaya masa labarin sanyi da tsadar abinci. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne yadda zai yi da kansa in an tashi daga karatu, dare ya yi. To, mu da muka zauna can muna ganin wajibi ne mu yi ɗan bayani, gama nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe.

Da fari dai a sani, cikin watan Disamba rana ta kan faɗi a Landan tun wajen ƙarfe 4 na yamma. Babu dandali, babu hira a ƙofar gida, kowa ya kan shige ɗakinsa ya rufo. Zauren Bature shi ne mashayar unguwa. Can a ke hira, can a ke jin labarin aiki, can malami da almajiransa kan ƙarasa gardamar da suka soma a aji. Shekaru da yawa doka ta hana yawancin mashayu sayar da giya bayan ƙarfe 11 na dare, sai a 2005 aka sassauta.

Suna da wata al'ada wadda ya kamata a lura da ita. In mutum biyar suka zauna, ɗaya zai tashi ya sayo wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, har a zagayo. Watau wanda ya shiga da nufin kofi ɗaya, sai ya fita da biyar a cikinsa. Wanda kuwa ya sha na mutane ya zame, an ɗauke shi marowaci ke nan. Musulmi fa ya shiga tsaka mai wuya. Ko lemo kaɗai ya sha, in zagaye ya zo kansa giya zai saya wa abokansa. In kuma ya ƙi zuwa sam, ya zauna shi kaɗai a ɗaki, kewar gida ta yi ta cinsa.

Sa'an nan ga maganar bambancin fata. Sa'ad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi karatun aikin malanta a Jami'ar Landan cikin 1945, Malam Aminu Kano kuma cikin 1946, babu dokar da ta hana mai gidan haya ko mai mashaya korar mutum don baƙi ne. Wasu masu haya har rubutawa su kan yi su manna a taga. A 1943 wani masauki a Landan ya wulakanta Learie Constantine, shahararren ɗan wasan kurket mutumin Tirinidad. Ya kai ƙara, a 1944 alƙali ya ba shi gaskiya, amma diyyar duka fam 5 da sule 5 ce. A 1958 samarin Turawa suka far wa gidajen baƙar fata a unguwar Notting Hill, aka kwana da yawa ana tarzoma. A 1964 Paul Stephenson ya shiga wata mashaya a Biristol, aka hana shi abin sha, ya ce ba inda za shi. 'Yan sanda suka kama shi, kotu ta sallame shi. Sai a 1965 Majalisar Ingila ta haramta irin wannan a masaukai da mashayu, a 1968 aka haɗa da haya da ɗaukar aiki. Dokar da ke aiki yanzu ta 2010 ce.

Amma fa doka takardar taga ta cire, ba ta wanke zukata duka ba. Mun ga an yi ciniki ta waya lafiya lau, da aka ga fuskar mai nema sai aka ce ɗaki ya riga ya kamu. Mun ga mai tsaron ƙofar gidan rawa ya ce wuri ya cika, alhali yana ta buɗe wa waɗanda ke bayanmu. Motar ƙarshe ta daren Asabar kuwa, giya kan saki harshen wanda da rana ba zai iya duban idonka ba. Duk da haka ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai Turawan da suka buɗe mana gidajensu, suka kawar da kwalba da naman alade daga tebur dominmu.

Shawararmu ga mai shirin tafiya ita ce, tun ranar farko ya faɗi a fili cewa ba ya sha, ba da tsawa ba, ba da kunya ba. Bature ya fi girmama magana ɗaya bisa ga kwana-kwana. Ya rama gayya da shayi ko da tuwo a ɗakinsa. Ya nemi 'yan'uwa, kamar yadda Ladipo Solanke da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma tun 1925, ga kuma babban masallacin Regent's Park da aka gama a 1977. Kada ya tanka wa mashayi da dare. In kuwa an hana shi hakkinsa, ya rubuta rana da sa'a da wuri, ya kai wa hukumar makarantarsa.

Abu ɗaya ya rage. Wanda ya ɗanɗani zafin a rufe masa ƙofa saboda fatarsa, in ya komo gida ya zauna kan kujerar ofis ko gaban aji, ya tuna da baƙon da ke tsaye gabansa wanda bai iya Hausa ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo mana da su da ilmi da mutuncinsu, amin.